Dattijuwa Mai Koyon Aski

Wata dattijuwa na zaune a shagon mai aski, tabarau a karan hanci, tsohuwar aska mai ƙotar ƙashi a cinyarta. Mai aski na kaɗa kumfa da burushi, ita ma tana kaɗa hannu a iska. In ya ja kumatun kwastoma, sai ta ja nata. Ko sana'arsa take shirin ƙwacewa?

"Mama, gemun wa za a sauke?" ya tambaya.

"Na maigidana. Hannunsa ya fara rawa, kuma ya rantse ba ƙaton da zai taɓa masa maƙogwaro."

"Amma ke ya yarda?"

Tana gwada kaifin askar a farce, tana murmushi.

"Ya yarda mana. Sai dai tun jiya yake ta roƙona gafara."