Cikon Goma a Gidan Mama

Shekara biyu na yi ina haya a ɗakin sama na gidan wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Glenwood da ke birnin Greensboro, lokacin ina karatun digiri na uku. Mama nake ce mata, don bakina ba ya iya kiran sa'ar uwata da sunanta gatsau. Ranar da na tare, Antina da ke zaune wajen titin Wendover ta bugo mini waya ta ce, "Ke yanzu duk apartment ɗin garin nan ki rasa inda za ki yi renting sai gidan Yahudawa? To, Allah ya kyauta." Na ce amin, na ci gaba da jera kayana.

Ba irin Yahudawan da nake gani a talabijin na tarar ba. Limamin jama'arsu mace ce, rabai suke ce mata, kuma ba ta ba ni shekara goma ba. Maza da mata wuri ɗaya suke zama a wurin ibada. Ranar Asabar, da ake cewa Bayahude ko wuta ba ya kunnawa, Mama da kanta take tuƙa mota ta je, ta dawo tana mitar huɗuba. Da kowa take gardama: da mijinta, da rabai, da ni a kan yawan barkono. A ganinta addini abu ne da kowane zamani zai zauna ya sake tambayarsa. Ina da nawa ra'ayin a kan haka, ta kuma san shi, ba mu taɓa ɓatawa ba.

Da mahaifina ya rasu a Zariya, ban samu zuwa ba. Ta waya na ji an kai shi. Mama ta hawo bene da ciwon gwiwarta, ta tambaye ni yadda muke yi, ta zauna a ƙasa tare da ni kwana uku. Ba ta cika ni da surutu ba. Shinkafa dai ta dafa mini, ta caɓe, na cinye ina kuka.

Bayan shekara guda, cikin Janairu, mijinta ya rasu. Su ma kwana bakwai suke zaman makoki. An rufe madubai da zane, Mama ta koma kan 'yar guntuwar kujera, jama'arsu suna shigowa da kwanukan abinci. Kullum da yamma akwai wata addu'a da masu makoki suke miƙewa su yi wa mamaci, kadish sunanta, kuma a asalin doka sai Yahudawa maza goma sun haɗu. Jama'ar Mama suna ƙirga mata, suna ƙirga wanda ya shigo ta kwamfuta, in ma ba a cika ba rabai kan ce a yi.

Ƙanin marigayin bai yarda da ko ɗaya cikin wannan ba. Daga New York ya zo, da baƙar malfa da gemu har ƙirji, shekara talatin bai taka wurin ibadar yayansa ba. A gidan wasu masu irin aƙidarsa ya sauka, can gaba. Da safe yake zuwa ya zauna awa guda ya tafi, lokacin ni ina makaranta, don haka bai taɓa ganina ba. Mama ta ce mini, "Mijina ya mutu yana jin ƙaninsa na ganin ya bar addini. Abu ɗaya nake so. Sau ɗaya tak ya tsaya a falon nan ya yi wa ɗan'uwansa addu'a tare da ni."

Ran Alhamis ƙanin ya sassauto. Ya ce zai zo Juma'a da rana, zai ma ƙirga mata, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Amma sai Yahudawa goma sun tsaya a ɗakin da jikinsu, ban da na kwamfuta. Kuma ƙarfe huɗu zai tafi, don ya isa masauki da ƙafa kafin rana ta faɗi Asabar ta shiga. Daga nan shi ke nan, Asabar makoki ya ƙare, Lahadi ya hau jirgi.

Sai aka wayi gari Juma'a da ƙanƙara. Ba mai laushin nan da yara ke wasa da ita ba, ruwa ne ya sauka ya daskare a kan komai, titi ya zama kamar faranti. Greensboro kuwa da ta ga haka sai ta kulle ƙofa. Bas ba ta fito ba, an rufe makaranta, rabai ta maƙale a gidanta can bayan Wendover, sai ta kwamfuta ta shigo, ita da wasu fuskoki goma sha wani abu. Waɗanda ke kusa suka lallaɓo da ƙafa, tsofaffi suna riƙe da juna. Ƙanin ma ya iso, malfarsa tana ɗigar ruwa.

Uku da rabi ta gota na sauko da butar shayi. Na ɗaura ɗankwali ta baya, ga doguwar riga mai dogon hannu har ƙasa saboda sanyi. Na ajiye butar na raɓe a bakin ƙofar kicin. Shi kuwa ya miƙe zai ƙirga mutane. Ba sa ƙirga ɗan Adam da ɗaya, biyu, uku, kamar yadda kakata ba ta yarda a ƙirga mata jikoki. Wata aya gare su mai kalma goma, kowane kai kalma ɗaya. Ya fara da kansa, ya bi ɗakin a hankali. Kalma ta tara ta faɗa kan wani tsoho mai sanda. Ya juyo, ya gan ni, sai fuskarsa ta saki, ya faɗi ta goma a kaina.

Nan take na gane abin da ya faru. Duk matan ɗakin kansu a buɗe yake, wasu da wando. Ni kaɗai na yi shiga irin ta matan gidansa. Ya ɗauka Bayahudiya ce ni daga wani gefen Afirka, mai riƙon addini irin nasa, har da ɗan gyaɗa mini kai na girmamawa.

Mutum shida a ciki sun san ni, sun sha ganina ina wucewa da sallaya. Ba wanda ya yi tari. Rabai ba ta hango kusurwar da nake, ta ce, "An cika? Madalla." Na dubi Mama. Tana riƙe da littafin addu'a, idonta a kaina. Mama da ba ta iya roƙo ba, ran nan da ido ta roƙe ni in yi shiru.

Wallahi na so in yi shirun. Me zai ci ni? Minti biyu ne, in tsaya kamar ginshiƙi, kowa ya watse. Matar nan ta zauna a ƙasa saboda ubana. Amma sai na tuna mutumin da ke gabana ya ajiye abin da ya riƙe shekara talatin, sharaɗi ɗaya kawai ya rage masa, shi kuma za mu haɗa baki mu cuce shi a kai. Na tuna da a ce gawar mahaifina ce, aka cika sahu da yaudara, ba zan yafe ba. Ƙanin ya buɗe littafi, ya ja numfashi.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ni Musulma ce. Haya nake a sama."

Ya dube ni, ya dubi Mama, kunnuwansa suka yi ja. Ya rufe littafin a hankali. Daga kwamfuta rabai ta ce a wajensu an fi ashirin, a yi addu'a, Allah ba ya rasa ganin wanda ke bayan gilashi. Ya ce, cikin ladabi, su yi tasu, shi zai jira a baranda. Mama ta zauna daɓas, ta ce ba ta yi. Ko kallona ba ta ƙara yi ba. Na ji kunya, na ji haushi, har da haushin kaina. Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata.

Na ce masa, "Ka ba ni minti goma." Ban jira amsa ba na fita da silifas.

Akwai wata abokiyar karatuna layi biyu daga gidan, wadda ta taɓa gaya mini uwarta Bayahudiya ce, su kuwa ta uwa ake gadon Yahudanci, ita kuma rabonta da wurin ibada tun tana shekara goma sha uku. Gefen kanta a aske, fatar hannunta duk zanen tawada, bakinta kuwa ba linzami. Sau biyu na faɗi kafin in kai, na biyun na daki tafin hannu da bakin dakali ya fashe. Na buga ƙofarta kamar 'yar sanda. Ta buɗe da kayan barci, burodi a hannu.

"Zo ki cika goma," na ce.

"Goman me?"

Na gaya mata a tsaitsaye. Ta ce, "Ke kin san ban yarda akwai Allah ba ko?"

"Ban tambaye ki ba. Tsayuwa kawai za ki yi."

"Musulma ta zo jana zuwa addu'ar Yahudawa. Uwata ba za ta yarda ba in na gaya mata."

"Ki gaya mata a hanya. Sa takalmi!"

Muka taho muna riƙe da shingayen mutane, tana zagin ƙanƙara, ina salati. Da muka shigo layinmu na hango shi a baranda, ya riga ya sa kwat, yana duban agogo. Huɗu saura minti uku. Ya dubi askin kanta, ya dubi zanen fatar da ya leƙo daga wuyan rigarta, na ce a raina shi ke nan, na faɗi a banza. Tambaya ɗaya ya yi mata: mahaifiyarta Bayahudiya ce? Ta ce har kakarta. Sai ya cire kwat ɗin ya koma ciki.

Ya sake bin ɗakin da ayarsa. Da ya zo kaina ya tsallake, ya sauke ta goma a kan mai kayan barci. Wani ya ɗaga Mama. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ita da ƙanin mijinta, suka fara. A layi na biyu muryarta ta karye. Na zaci zai wuce ya bar ta, don ya haddace abin tun yana yaro, kuma lokaci ya ƙure masa. Bai wuce ba. Ya tsaya ya jira ta, ya rage murya, ya riƙa tafiya da ita kalma bayan kalma har suka kai ƙarshe. Ban san ma'anar ko ɗaya ba sai amin, ita kuwa na faɗe ta da ƙarfi daga bakin kicin, jini na ɗiga cikin hannun rigata.

Huɗu da minti biyar ya fita da sauri, rana ta yi ƙasa. Mutane suka watse. Ina tattara kofuna Mama ta kira ni, karo na farko tun da na buɗe baki. Ta kamo hannuna ta juya shi, ta ga ciwon.

"Na so ki yi shiru," ta ce.

"Na sani, Mama."

"Har yanzu ina jin haushinki."

"Na sani."

Ta jawo auduga da ruwan ɗumi ta fara wankewa, ba a hankali ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin ji ya jira ni?"

Na ce na ji.