Lasin Hodi na Argungu

Hodi mutumin Zauro ne. A fadama ya koyi tuƙi, da tsohuwar a-kori-kurar kawunsa Labbo, wadda suke jidar shinkafa da albasa da ita zuwa kasuwar Birnin Kebbi. Laka ba ta ba shi tsoro, rairayi ma haka. Abin da bai sani ba shi ne birni.

A zamanin da Sakkwato ke hedikwatar jiharsu, can ya tafi gwajin lasin. Jami'in gwajin ya zauna gefensa, ya ce ya nufi cikin gari. Suna isa shataletale, motoci da babura suka rufo ta ko'ina, kowa na oda. Ya rikice, mota ta mutu tsakiyar titi, wata tifa ta ci burki dab da ƙofarsa. Jami'in ya ce ya koma gida ya ƙara koyo.

Direbobin tasha suka yi masa dariya. Suka ce a Sakkwato yawancin mutanen ƙauye faɗuwa suke yi, amma a Argungu da wuya a kayar da mutum, hanya a miƙe take, sai jakai da masu keke. Ya je Argungu, ya ci gwajin ba wahala. Aka yi ta yi masa barka, shi kuwa ya san abin da takardar ba ta koya masa ba. Duk lodin da aka ce na Sakkwato ne, sai ya samo dalilin ƙi.

Wata kaka, ana tsakar yankan shinkafa, maciji ya sari yayarsa Laure a gona. A asibitin Birnin Kebbi aka duba ta, aka ce a wuce da ita Sakkwato yanzu-yanzu. Babu wata mota kusa sai tasa.

Suka kama hanya, suka wuce Argungu. Goggo, mahaifiyarsu, tana baya riƙe da kan Laure, tana salati. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Yana jin nishinta, yana kuma jin birni na matsowa, ya rasa wanne ya fi razana shi.

Sai ga gidajen farko na Sakkwato sun bayyana. Ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Mi ya faru, Hodi?" in ji Goggo.

"Inna, in na shiga, kashe ku zan yi."

Ya sauko, ya nufi wani direban tasi mai furfura da ke alwala a gindin bishiyar bedi. Bai ji kunyar gaya masa gaskiya ba. Mutumin ya leƙa bayan motar, ya ajiye buta, ya karɓi makulli. Hodi ya zauna gefe, idonsa a rufe har ƙofar asibiti. Ko sunan mutumin bai tambaya ba.

Laure ta rayu, sai dai ƙafar ba ta koma daidai ba, da sanda ta ƙare kwananta. Hodi ya ci gaba da jidar albasa tsakanin Zauro da Argungu har idonsa ya yi rauni. Matasa da yawa sun koyi tuƙi a hannunsa, kuma duk wanda ya ce zai tafi Argungu gwaji, sai Hodi ya ɓata rai, ya ce masa Sakkwato za shi, ko da zai faɗi.