Takardar Rijiya da Tsohuwar Kwamfutar Bungudu

Na manta abubuwa da yawa na tafiye-tafiyena, amma ba zan taɓa manta ranar takardar rijiya ba.

Manoman ƙauyenmu, can gefen Bungudu, suka roƙe ni in rubuta musu takardar neman rijiyar burtsatse. Sun zaɓe ni ne don na zauna Kartum da Yamai, ina jin Larabci da Faransanci, kuma ban cika ɓoye hakan ba. Kwamitin rabon rijiyoyi zai karɓi takardu a Bungudu zuwa azahar, daga nan ya wuce Tsafe.

Na tsara ta a Gusau kan sabuwar kwamfutata, na zuba a filash, na iso Bungudu da babbar riga. Muka cika shagon wani mai buga takardu, ni da dattawa shida. Ya buɗe ta a tsohuwar kwamfutarsa, sai ga 'yan akwatuna da ƙugiyoyi sun cika fuskar kwamfutar, babu kalma ɗaya ta ɗan Adam.

Shugaban manoma ya leƙa, ya gyara hula. "Alhaji, wanga wane yare na cikin yarukanka?"

Kafin in buɗe baki wani ya ce, "Buga ta hakanan! Su san ƙauyenmu akwai masu ilimi."

Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, kwamfutarka amarya ce, tawa kuwa ta girmi aurena. Da za ka ajiye takardar, ƙasan inda ake sa suna akwai jerin zaɓi. Tsohon tsari za ka danna."

Ni da na yi wa ministoci tafinta, ban taɓa lura da jerin nan ba.

Na koma Gusau a guje, na sake ajiye ta, na dawo aka buga sumul. Amma kwamiti ya tafi. Muka cushe a mota ɗaya mu bakwai, muka bi su har Tsafe, shugaba na ta faɗin, "Da mun ba su waccan, da yanzu muna gida." Mun riske su suna naɗe tabarma bayan la'asar. Sakataren ya dubi guminmu, ya karɓa. Rijiyar tana nan, ana sha.

Tun ranar na koyi cewa takarda ta mai buɗewa ce. Kafin in ajiye, sai na tambayi shekarun kwamfutar da za ta karɓe ta.