Kuɓewar Innata a Fangalin Wata

Abin da na shigo garin nan da shi wanda yake nawa na kaina bai cika tafin hannu ba. Irin kuɓewa ne, ƙulle a bakin tsohon ɗankwali. Gajeriyar kuɓewa ce mai kauri, mai yauƙin da in an ɗaga ludayi sai ya biyo hannu har kafaɗa. Innata ta shuka ta a bayan ɗakinta iya rayuwarta, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. Bayan rasuwarta ƙannena suka zuba siminti a wurin. Iya sanina, abin da ke cikin ƙullin nan shi ne ya rage a duniya.

Wankan jegon 'yata ya kawo ni, jego ya ƙare ban koma ba. Muna zaune a unguwar Morris Heights, a ƙasar Turawa, bene na uku, kusa da inda jirgin ƙasa ke bi ta gada a saman kawunan mutane. Na ci sanyi guda a ɗaki, hannuna na ƙaiƙayin ƙasa. Da 'yata ta ga ina neman rama, sai ta samo mini wuri a lambun unguwa. Fili ne tsakanin gidaje biyu, an kewaye shi da waya, an jera akwatunan katako cike da baƙar ƙasa, kowa da fangalinsa.

Fangalin da ke manne da nawa na wata 'yar Kumasi ne, mazauniyar bene na biyar a gidanmu. Ta girme ni a garin da shekara ashirin, na girme ta a haihuwa da biyar, don haka Yaya take ce mini, ni kuma in ce mata Hajiya. Tana jin Turanci, tana karanta shi. Duk baƙar fatar da ta shigo lambun daga wajenmu ita ke nuna mata famfo da makulli. Amma haifaffiyar birni ce, a kasuwa ta tashi, ba ta taɓa kwana da ciwon bayan noma ba. Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ranar farko na gan ta da safar hannu tana juya ƙasa da ɗan cokalin ƙarfe, na ce mata a gaban mata uku, ƙasa ba miya ba ce da za a yi ta motsawa. Matan suka yi dariya. Ita ma ta yi.

Bayan kwana biyu ta ga ƙullina ta roƙi iri. A wajenmu ba a hana iri. Innata ko da wadda ba sa ga maciji ce ta aiko, sai ta ɗiba ta ba ta, ta koma ɗaki ta ci gaba da fushinta. Na kwance, na ƙirga mata ƙwaya goma sha biyu a tafin hannu.

A farkon watan Afrilu ƙanƙara ta narke, rana ta fito kwana huɗu a jere, mutane suka tuɓe manyan riguna. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi tun asuba. Na buɗe taga na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, jikina ya ce mini shuka ta yi. Shekara sittin abin da na sani ke nan: ruwan fari ya sauka, ƙasa ta jiƙa kamu guda, a fita da iri. A ƙofar lambun akwai wata takarda da aka liƙa, da zanen tumatir da tattasai da layuka. Na iske Hajiya a wurin, na tambaye ta me takardar ke cewa. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce maganar taro ce da sharar lambu, ba abin da ya shafe ni.

Ta tsaya a kaina ina sara ina jefa uku-uku ina rufewa da diddige. Na tambaye ta ita ba za ta shuka nata ba? Ta ce gwiwarta na damunta, sai wani satin.

Kwana uku bayan haka sanyi ya dawo kamar wanda ya manta sandarsa. Ruwa mai sanyi, iska mai yanka kunne. Na jira kwana goma, ko tsinke bai fito ba. Na tona rami ɗaya na sami ƙwayar ta kumbura ta ruɓe, na matsa ta fashe a yatsana. Na yi abin da kowane manomi ke yi in shukar fari ta ƙi: na yi maimai da rabin da na rage. A gabanta na yi. Tana zaune a bakin fangalinta tana jan carbi, ta ga na kakkaɓe ɗankwalin, ta ga ba sauran komai a ciki. Abin da ta ce kawai shi ne in rufe da kyau saboda tattabaru.

Shi ma ya ruɓe.

Sai ƙarshen watan Mayu, da zafi ya zauna sosai, na gan ta ta sauko da faranti, kofunan yogot jere a kai, kowanne da tsiron kuɓewa mai ganye huɗu. Tara ne. Na san ganyen innata kamar yadda na san tafin hannuna, ga jan jijiyar nan a gindinsa. Ashe tun ranar da na ba ta suna kan tagarta kusa da hitar ɗumama ɗaki. A yammacin ranar na jawo 'yata zuwa ƙofar lambun na ce ta karanta mini takardar nan. Ta karanta. Lokutan shuka ne, kowane abu da watansa, an kuma ja layi a ƙarƙashin masu son zafi, an ce kada a sa su a ƙasa sai sanyin ƙarshe ya wuce.

Ban yi faɗa ba. Na haɗiye, na je na roƙe ta tsiro biyu daga cikin taran. Ta ce ai ta auna fangalin daidai da su, in bari sai kaka ta ba ni iri. Na cika nawa da alayyafo da albasa, ina ban ruwa ina kallon kuɓewar innata tana tsawo a fangalin wata. Da ta fara 'ya'ya mata suka riƙa tsayawa suna tambaya, don ba su taɓa ganin irinta a nan ba. Da kunnena na ji ta ce irin Kumasi ne, daga gonar kakarta. Ranar ce zuciyata ta daina zafi ta yi sanyi, irin sanyin da ke iya jira.

Wajen ƙarshen damina ta tafi gida bikin ɗan ƙaninta, sati bakwai. Ba ni ta bar wa amana ba. Wani dattijo ɗan Jamaika mai fangalin kabewa ta sa ya riƙa ba su ruwa, ta kuma ce kada kowa ya tsinka. Dattijon ya cika alkawari. Kuɓewa ta yi ta girma a jikin karanta, ta yi tauri, ta bushe, ta fara tsagewa. Kullum da safe sai in je in tsaya a kanta. Ban taɓa ko ɗaya ba, Allah ne shaidata.

Ta dawo ta same su kamar ƙahon akuya. Ta yi ta mita an bar mata kuɓewa ta lalace, ba ta yankuwa ba ta dafuwa. Ta tuttuge karan duka ta kai juji inda ake tara ganye don taki. Na tuna mata alkawarin iri. Ta ce ɗan kaɗan ta samu, ba zai isa rabo ba, ta nuna mini wata kwalba a jakarta. Ɗanyar kuɓewa ce matashiya da ta yayyanka ta shanya tun kafin tafiyarta, irin ta miya, fararen ƙwayoyin sun motse a ciki. Wannan take nufin shukawa baɗi. Yaron goye a ƙauyenmu ya san ƙwayar da ba ta nuna a jikin uwarta ba ba ta tsirowa. Na dubi kwalbar, na ce ta adana ta inda ba danshi.

Da ta haye sama na je jujin, na durƙusa, na ɓalle ƙahonnin nan ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da shida. Na fasa ɗaya, baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri suka zubo mini a cinya. Abin da aka yar a juji ba na kowa ba ne.

Sanyi ya zo ya wuce. Da Afrilu ta kewayo aka sake yin ruwan nan mai yaudara, ƙamshin ƙasa ya shigo, na rufe tagata. Dattijon nan ne ya koya mini sauran, ba da baki ba, don ba ma jin juna. Ya kama hannuna ya tura shi cikin ƙasa har wuyan hannu, ya girgiza kai. Na gane. Na tara kofuna, na huda gindinsu da ƙusa, na jiƙa iri ya kwana, na jera su a taga. Kwana shida suka fasa ƙasa da 'yan wuyansu a lanƙwashe. Kowace safiya ina sauka lambu in tura hannu. Sai ranar da ƙasa ta karɓe ni da ɗumi kamar cikin tuwon da ya huce, sannan na dasa. Sha shida, duka suka kama.

A bene na biyar kuwa kofuna sun yi fumfuna. Ta zubar ta sake, suka sake yi. Matan lambu da ta yi wa alkawarin irin kakarta suka fara tambaya.

Wata safiyar Asabar ina cire ciyawa ta zo ta tsaya. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ta tambayi jikokina ɗaya-ɗaya, ta yaba alayyafona. Sannan ta ce, a hankali:

"Yaya, ko akwai sauran iri? Nawa bana ya ƙi."

Ban ɗago ba. Na ce, "Wane irin, Hajiya?"

"Na kuɓewar."

"Ta Kumasi? Ai ni ba ni da irin Kumasi. Ban taɓa zuwa ba."

Mata biyu na kusa da famfo, sun daina magana, ruwa na zuba a bokiti har ya cika yana malala. Ta tsaya. Kalma uku za ta faɗa, ta ce na innarki ne. Na ba ta lokaci, na cire ciyawar layi guda cur. Ba ta faɗa ba. Ta gyara mayafi ta ce to, Allah ya ba mu alheri, ta tafi. Na sha tambayar kaina ko da ta faɗa zan ba ta. Ina jin da na ba ta ƙwaya biyu. Wata ran kuma ina jin ko ɗaya.

'Yata ta ji labari ta yi mini faɗa, ta ce a baƙon gari mu nawa ne da za mu riƙa irin wannan, ta ce kakarta ba za ta yi haka ba. Na ce gaskiya ne, ba za ta yi ba. Na ce amma kakarta ba a taɓa tsayawa a kanta ana kallo tana binne uwarta sau biyu ba.

Hajiya ta sayo irin kanti mai hoto a jikin takarda. Ya fito, dogaye sirara, kyau a ido, a tukunya kamar an dafa ciyawa. Ba wadda ta sake tsayawa a fangalinta.

Ni kuwa tsinkar fari da na yi, na zaɓi matasa masu taushi, na goge su, na yi miya da busasshen kifi da daddawa da 'yar kanwa, na bar ta ta dahu har ƙwayoyin suka yi laushi. Na zuba a kwanona mai murfi, na hau bene biyu da ƙafata ina hutawa, na ƙwanƙwasa. Ta buɗe. Na ce ga ɗanɗano daga lambu. Ta karɓa da hannu biyu, don ba yadda za ta yi, ta yi godiya. Washegari kwanon ya dawo da dokunu biyu a ciki, tuwon masararsu da ake naɗewa a ganye, na ci da yaji.

Haka na yi mata duk Juma'a har kuɓewa ta ƙare. A gindi huɗu kuwa na ɗaura jan zare, ban tsinki ko ɗaya ba, na bar su suka bushe a tsaye. Na raba irin gida uku. Kashi ɗaya yana ƙarƙashin katifata, ɗaya na ba wata 'yar garinmu a unguwar Port Richmond mai fili a bayan gida, ɗaya na aika wa ƙanwata a gida ta nemi inda siminti bai kai ba.