Kiɗan da Ba Shi da Makaɗi

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo gari, Kawu Sabitu ya sayo garmaho a Sabon Gari ya kawo gidanmu na Rijiyar Lemo. Cikin faya-fayansa akwai wani da ba murya ko ɗaya, kiɗa ne zalla, wai inji ke yin sa a ƙasar Turawa. Dum, dum, dum, kamar zuciyar bijimi, can sai wani siririn sauti ya hau kai kamar ana tsiyaya ruwa a kwalba. Ni na san kiɗa, kuma ina gaya muku yana da daɗi. Amma yayata Ladidi ya fi kamawa. Da an sa shi sai ta saki taɓarya, ido rufe, kafaɗa na motsi.

Rannan bayan magariba muna zagaye da murhu, kakarmu Inna Kulu ta ce, "Sabitu, wannan taken wa ake kaɗawa?"

"Ba na kowa ba ne, Inna."

"To makaɗin, yaushe yake shan ruwa?"

Kawu ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta tura itace cikin wuta, ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan tafe.

Wai wata yarinya ce ta je itace ta ji ganga a dawa. Ta duba, ba makaɗi. Ta ce bari ta ɗan taka, in mai kiɗan ya gaji ta tafi, don kowane makaɗi hannunsa na sanyi. Wannan kuwa ba shi da hannu. Ta yi ta rawa, ƙasa na cin ƙafarta, gwiwa, ƙugu, wuya. Masu nemanta ɗankwali kawai suka tarar, yana motsi.

Ladidi ta turo baki. "Inna, ai faifai yana ƙarewa."

"Yana ƙarewa, 'yar nan. Wa ke tashi ya juya shi?"

Kafin damina ta zagayo Ladidi ta san duk gidajen rawa na Sabon Gari. Daga nan ta bi ƙawaye Ikko. Ba mu sake ganinta ba.

Na daɗe ina tsine wa faifan. Sai da na tsufa na gane ba kiɗan Inna ke tsoro ba, mai rawar da ba ta iya tsayar da kanta take tsoro. Yanzu jikokina na sa mini irinsa a waya, wanda ko juyawa ba a yi. Ina saurara, ina jin daɗinsa. Da ƙafata ta fara motsi sai in ɗora hannu a gwiwa in danne.