Minti Huɗun Dattijo Helmer

Fim talatin da ɗaya Arvid Hallgren ya ba da umarni a wani kamfanin fim da ke bayan garin Stockholm, ko ɗaya bai wuce ranar da aka ɗibar masa ba. Iyakar yabon da ake masa ke nan. Mutum ne mai "to" a baki. Da sharar dandali ya fara, har Helmer Norrby, tauraron kamfanin a lokacin, ya ja shi a jiki, ya koya masa kafa kyamara da yankan fim, ya kai shi gaban manya.

Da fim mai magana ya shigo, kasuwar Helmer ta mutu. Shekara da shekaru ba wanda ya neme shi. A 1948 Arvid ya ba shi fitowar mai gadin tashar jirgin ƙasa, minti huɗu kacal. Tsohon ya zage ya yi ta, har masu riƙe fitila suka yi ƙwalla.

Sai dai a kamfanin nan fim ba ya wuce minti casa'in, kuma mai kamfanin da agogo a hannu yake kallo.

"Ya yi tsawo," in ji shi. "Cire dattijon nan."

"To, ranka ya daɗe."

Da hannunsa Arvid ya sa almakashi. Sau uku yana ɗaukar waya ya gaya wa Helmer, sau uku yana ajiyewa. Kunya ta hana shi, tsoro ya ƙarasa.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, sai ga Helmer cikin tsohuwar kwat, da matarsa Signe, da maƙwabta cike da layin kujeru guda. Arvid ya maƙale a baya, idonsa a ƙeyar tsohon. Jirgi ya shigo tasha, jirgi ya fita, ba mai gadi.

Da aka tashi Arvid ya so ya sulale, Helmer ya tare shi a ƙofa.

"Yaro, aiki ya yi kyau. Ko wurin haɗin ban gano ba. Wa ya koya maka yanka haka?"

"Ku ne, Baba."

"Ai na sani." Ya gyara masa wuyan riga. "Da dai ka bugo waya. Signe ta gaya wa kowa."

Arvid ya ƙara yin fim tara bayan wannan. Bai sake zuwa kallon ko ɗaya daga cikinsu tare da jama'a ba.