Lungun da Na Toshe

Ko shekara nawa Allah ya ƙara mini, daminar da na toshe lungun bayan gidanmu ba za ta fita daga raina ba.

Gidanmu yana tsohuwar unguwar mahauta a Talata Mafara, inda kakanninmu suka zauna tun garin bai faɗaɗa ba. Baƙo idan ya shiga sai ya ɓata. Gidajen ƙasa ne jingine da juna, katangar wannan ita ce bayan ɗakin wancan, zaure na kallon zaure, lunguna sun karkace har wani ko babur ba ya iya ratsawa. Da safe maza su nufi mayanka, da hantsi a baza kilishi a rana. Daga baya, da 'ya'yan wasu gidajen suka koma sababbin unguwanni, sai ma'aikata baƙi suka kama haya a cikinmu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne maƙwabcinmu na baya, wani Kirista ma'aikacin asibiti. Ya haura shekara ashirin a gidan. A nan matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse neman aiki, shi kuwa ya yi ritaya ya ƙi tashi. Baba muke ce masa gaba ɗayanmu.

Tsakanin gidanmu da nasa akwai wani siririn lungu da ba mai binsa sai kaji. A lokacin mahaifina ya riga ya rasu, ni ne babba a gida, ina kai-komo da shanu tsakanin Maradun da Janbako, kuma na ɗan samu. Ina son ɗakin bulo, fili kuwa babu. Sai na ga ai lungun nan zaman banza yake yi.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta ga ana sauke bulo ta aika a kira ni.

"Wanga lungu ba naka ba ne, ɗana," in ji ta. "Na ruwa ne."

Ta ce duk ruwan gidajen da ke sama da mu ta nan yake gangarawa, shi ya sa kakanmu ya ja katangarsa baya. Na ce mata wancan zamanin ya wuce, yanzu akwai magudanar siminti a bakin titi. Baba ma ya leƙo yana kallon magina, ya tambaye ni cikin lumana ko zan sa bututu a ƙarƙashin ginin. Na ce masa zan sa. Ban sa ba. Ba tsada ce ta hana ni ba, gani nake tsofaffi sun cika tsoro.

Ruwan farko da na biyu ba abin da ya faru, har na fara jin kaina mai wayo. Sai wata rana a tsakiyar damina, ruwa ya sauko bayan azahar bai ɗauke ba har la'asar. Ya zo inda ya saba bi ya tarar da bulo, ya taru, ya kwanta a gindin katangar Baba. Ina cikin sabon ɗakina na ji ƙara kamar an kayar da bajimi. Katangar ce ta rufta cikin ɗakin kwanansa. Allah ya tsare, yana zaure a lokacin. Da ya shiga kwanciyar rana kamar yadda ya saba, da wani labarin nake bayarwa yau.

Washegari duk unguwar ta san ginina ne sanadi. Na daure na shiga gidansa. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, akwatin ƙarfe a buɗe cike da taɓo, a gabansa kuma hotunan matarsa ne sun jiƙe sun manne da juna. Yana ƙoƙarin raba su. Na durƙusa na gaishe shi, ya kwana, ya ruwa, ya ban tsoro. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri sai ya matsa mini wuri.

"Zauna ka taya ni," ya ce. "Hannunka ya saba da fiɗa, ba zai yaga su ba."

Muka wuni a kai. Uku kawai suka fita lafiya. Sauran, ina ɗagawa sai fuskar matar ta biyo bayan takarda ta narke. Kowanne sai ya karɓa ya duba, ya ajiye a gefe. Bai ambaci bututu ba ko sau ɗaya. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

A makon nan na ɗauki guduma na rushe bayan ɗakina da hannuna, na buɗe lungun. Samarin unguwa suka kwaɓa ƙasa muka tayar masa da katanga. Ya ci gaba da zama da mu har ciwo ya sa 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi.

Abin da na koya shi ne, a tsohuwar unguwa haƙƙin maƙwabci bai tsaya a bakin katanga ba, kuma kafin ka taɓa abin da ka tarar, tambayi dalilin da ya sa aka bar shi haka. Gini ana mayar da shi cikin mako guda. Akwai ɓarnar da ko an yafe maka, ba ta gyaruwa.